Sabulu a Tekun Baba

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar famfon tankin ta sauya. Maimakon ɗan gurnanin nan da muka saba da shi har ba ma jin sa, sai wani ƙwal-ƙwal yake yi kamar mai kurkure baki. Na yar da jaka a tsakar falo, ko takalmi ban cire ba na nufi kusurwar taga. Kumfa ce fara fat ta rufe saman ruwan, ta yi tozo, har tana gangarowa ta jikin gilashi tana ɗiga a kan tebur.

Tankin nan Tekun Baba muke ce masa. Mahaifina mai yankan gilashi ne, kuma da hannunsa ya yanka ya haɗa shi, ɗan ƙarami, wanda mutum zai iya runguma da hannu biyu. Ruwan gishiri ne a ciki irin na teku, da yake haɗawa a bokiti da tataccen ruwa da wani gishiri na musamman. Akwai kifi biyu masu launin lemo da farar ɗamara, da jatan lande guda mai dogon gashin baki, da 'yan dodon koɗi masu bin gilashi suna lasar gansakuka. Amma duk waɗannan 'yan haya ne. Mai gidan shi ne murjani, yana tsakiya a kan dutse. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka wani busasshen reshe ne aka shafa wa koren fenti, alhali halitta ce mai rai, ƙashi a ciki, siririyar tsoka a waje. Baba ya kawo shi bai kai kan ɗan yatsa ba, ya yi shekaru yana renonsa har ya yi rassa ya buɗe kamar tafin hannu. Kullum da safe in fitilar tankin ta kunna kanta, sai ya fito da wasu 'yan gashi masu laushi a duk jikinsa, suna kaɗawa a ruwa. Baba ya ce gaisuwarsa ke nan.

A yammacin nan jatan landen yana kwance rigingine a kan yashi. Dodon koɗin duk sun saki gilashi sun zube. Kifin biyu suna can sama ƙarƙashin kumfa suna haki. Murjanin kuwa ya janye gashinsa kaf, korensa ya koɗe, wani yauƙi yana fita daga rassansa zare-zare.

"Mama," na kira. Na sake kira da ƙarfi.

"Kaina ke ciwo," ta amsa daga ɗakinta, ƙofa a rufe.

Ba kifi nake jin tsoron rasawa ba. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Mama kwanciya ta yi ta juya wa duniya baya. Ba ta kuka, ba ta faɗa, abinci kuwa sai na tsaya a kanta kamar ɗan sanda. Wannan fa mace ce da ta yi rayuwarta duka da tsumma a hannu, wadda a wurinta duk abin da bai yi ƙamshin sabulu ba to ba a wanke shi ba. Ita da Baba babu irin faɗan da ba su yi ba a kan tankin nan: gishiri ya ɓata mata tayil, bokitinsa yana ƙarni kuma ya hana a sa masa sabulu, ya hana fesa maganin sauro a falo, ya hana turaren ɗaki, ya hana ruwan goge taga. "Gida nawa, doka ta kifi," haka take cewa. Ko da wasa ba ta taɓa sa hannu a harkar tankin ba. Sai wata safiya bayan rasuwar, na fito na tarar da ita zaune a kujerarsa, fitila ta kunna, murjanin ya fito da gashinsa, ita kuma tana kallo da kofin shayi a hannu. Tun daga ranar a nan take karyawa, a nan take cin na rana, daga nan kuma a hankali ta koma shara da faɗan me ya sa na bar takalmi a hanya. Abin nan shi ya tashe ta daga gado. In ya mutu na san inda za ta koma.

Kula da tankin a wuyana ya faɗa. Ni gyaran gashi nake yi, yini nake hannuna cikin rini da man gashi da sabulu kala-kala, shi ya sa Baba yake ce mini, "Gaggawa, hannunki guba ne." Gaggawa shi ne sunan da ya sa mini, kuma ban taɓa samun bakin musu ba. Kafin in taɓa ruwansa sai na ɗauraye hannu da ruwa zalla har gwiwar hannu, ba sabulu, yana tsaye yana kallo. To da na ga kumfar nan, kaina na fara tuhuma. Da safen nan na sa wa kifi abinci a gurguje, kuma na kasa tuna ko na tsoma yatsa ko ban tsoma ba.

Na kira Baba Kyaftin, abokin Baba mai shagon kifin ado. Hular matuƙan jirgin ruwa da ba ya rabuwa da ita ce ta jawo masa sunan, ko da yake shi da bakinsa ya ce ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da gaisuwa.

"'Yar abokina, ya gida? Ya mai jiki?"

"Baba Kyaftin, tankin ne. Kumfa ta cika shi, jatan lande ya mutu, murjani yana yauƙi."

"To. To. Kumfar, in kin hura ta, fashewa take ko tsayawa?"

Na hura. "Tana nan daram."

"Sabulu ne."

"Ko daga hannuna ne? Da safe..."

"Ɗan abin da ke yatsa ba ya yin tozo. Wannan an zuba ne ko an matse. Ki kwashe kumfar, ki fitar da kifin a mazubi mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ba, in akwai irinsa a gidanku. Sannan ki zo da jarkoki."

Na shiga kicin neman roba sabuwa. A gefen wurin wanke-wanke na ga soson kwanuka, an matse shi an ajiye a mazauninsa, tsaf kamar kullum. Sai dai ɓangarensa mai kaushi ya yi kore shar, kuma da na juya shi, 'yan ƙwayoyin farin yashi suka zubo a tafina. Na shinshina: sabulun wanke-wanke mai ƙamshin lemon tsami, da ƙarnin teku a ƙarƙashinsa.

Na koma falo na dubi gilashin da kyau. Makonnin nan abokiyar aikina ta haihu, aikin mutum biyu nake yi, ban samu na kankare gansakukar da ta taru ta ciki ba, har ta fara dusashe ganin murjanin. Yanzu gilashin yana ƙyalli ciki da waje, lungu da saƙo, irin wankin da mutum ɗaya ne a duniya yake yin sa.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na nufi ƙofarta da soson a hannu, maganganu cike da bakina: shekara nawa Baba yana faɗa, shekara nawa kina ji. Har na ɗaga hannu zan buga, sai na tsaya. Ba motsi a ciki, ko ƙarar rediyon da ba ta kashewa. Na tuna yadda bayanta yake a watannin da ta juya wa bango fuska. Na cusa soson a jakata.

"Mama, famfon tankin ne ya lalace, ya ɓata ruwan. Zan je wurin Baba Kyaftin in dawo."

Ta ce, "To."

Na kwashe kumfa da ludayin Baba, na kama kifin na zuba su a bokitinsa da ragowar ruwan gishirin da na haɗa wancan makon, na fita da jarkoki suna bugun ƙafata. Lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe, tasi tana tafiya kamar ana tura ta. Direban yana ta ba ni labarin ƙaninsa da ya sayi mota. Da muka kusa na sauka na ƙarasa da gudu-gudu, na bi ta gaban mai faci da kantin magani, na shiga lungun da shagon yake.

Shagon Baba Kyaftin kullum shuɗi ne saboda fitilun tankuna, ga zafi da danshi, ga ƙarar famfuna ta ko'ina. Ya sa tiyon haɗaɗɗen ruwan gishiri a jarkar farko ya koma ya zauna yana kallon ta tana cika, ni kuma ina kai da kawowa tsakanin tankunan har na kusa ture masa guga.

"Zauna, ba ya cika da sauri don kina tsaye."

Ya ɗaura mini wani baƙin gawayi 'yan ƙwayoyi a jakar raga, ya ce in sa a inda ruwa ke wucewa, shi zai tsotse dafin da ya rage. Ya ara mini ɗan injin hura iska. Ya ce in zubar da rabin ruwan yau in sa sabo, gobe ma haka, jibi ma haka, in rage wa kifi abinci, in rage hasken fitila.

"Sannan ki cire hannunki ki jira. Nan ne zai yi miki wuya, na san ki." Ya gyara hula. "Waye ya zuba?"

"Tsautsayi ne."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini jakar gawayin.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. Da safe in ja ruwa da tiyo in zubar, in auna gishirin sabon, in taɓa jarka in taɓa tanki don in ji ko ɗuminsu ya zo ɗaya, in zuba a hankali, in ruga shago gashina ko taza babu, ni mai gyaran gashin mutane. Da yamma in sake. Kumfar ta tafi, sai ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga madara. Baba Kyaftin ya ce ƙananan halittun da ke cikin dutse da yashi, waɗanda ke cinye ƙazantar ruwa, su ma sabulun ya kashe su, sai sun sake yaɗuwa. Ƙaramin kifin ya mutu a bokiti. Na naɗe shi a takarda na fitar da shi ta ƙofar baya don kada Mama ta gani, ko da yake ba ta leƙo falon ba tun ranar.

Sannan murjanin ya fara fari daga gindi. Tsokar ce take saɓulewa tana barin ƙashi tsirara, kuma farin yana da iyaka a fili, layi sosai, kore a sama, fari a ƙasa. Na ɗauko jan fensirin da Baba yake zana layi da shi a kan gilashi kafin ya yanka, na rufe ido ɗaya na yi alama ta waje daidai inda farin ya tsaya. Da safe ya wuce alamar. Na yi wata. Da yamma ya wuce ta. Jikin tankin ya cika da jajayen layuka suna hawa sama kamar tsani.

A shago hankalina ba ya jikina. Na sa wa wata mata abin busar da gashi a ka na manta da ita har ta fara ƙwanƙwasa murfin. Wata kuma na kusa ƙona mata kunne da ƙarfen miƙar da gashi, ta ce, "Baiwar Allah, in faɗa kuka yi da mijinki ba ni na haɗa ku ba." Uwar ɗakina ta ja ni bayan labule, wurin da muke jera kwalaben rini da tawul, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce wani ne ba shi da lafiya a gida. Ban ga ƙarya a ciki ba.

Mama ta koma gado. Nakan kai mata abinci in dawo in ɗauke shi an ɗan taɓa gefe. Nakan tsaya a bakin ƙofa in yi ta zuba mata bayanin famfo, yadda irin waɗannan injinan ba su da tabbas, yadda Baba Kyaftin ya ce abin yana faruwa da kowa. Takan ce "To," hannuwanta a cikin mayafi. Gidan ma ya sauya. Na nemi sabulun wanke-wanke na rasa, na sayo wani, washegari shi ma babu. Kwalbar ruwan goge taga ta ɓace daga kan firji, bilic ya ɓace daga banɗaki. Kwanukan da na bari nakan tarar an wanke su, amma da santsin maiƙo a jiki. Na yi ta mita ni kaɗai, ban tsaya na yi tunani ba, domin idona yana kan layin nan.

Yayana, wanda aiki ya kai shi nesa, ya kira ni ina tsakiyar jan ruwa. Shi duk matsalar duniya yana da maganinta, muddin ba shi zai yi ba.

"Ke ma da neman wahala. Ki je ki samo wani irinsa ki dasa a wurin. Kore ne dai, ko? Ina za ta gane?"

"Yaya, matar da take gane an matsar da kofi daga inda ta ajiye shi?"

"To ki gaya mata gaskiya mana, ai ba yarinya ba ce."

"Ka zo ka gaya mata."

Ya ce layin ba ya da kyau.

Duk da haka da na koma ɗibar ruwa na tsaya gaban wani murjani a shagon Baba Kyaftin, kore, mai rassa, kusan girmansu ɗaya. Na daɗe ina kallonsa. Na Baba yana da wani reshe da ya karkace ya nufi taga, har Mama ta sa masa suna, Mai Leƙe. Wannan kuwa a miƙe yake ko'ina, ba ruwansa da kowa. Na nuna wa Baba Kyaftin hoton layukan a waya.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ba zai tsaya ba. Sai dai a yanke kawunan da suka rage da rai, sama da layin sosai, a manna su a sabon dutse. Sauran a haƙura."

"In kakkarya shi da hannuna?"

"Ko ki zuba ido ya ƙare duka. Kuma yau, ba gobe ba. Da na zo na yi miki, amma kin ga ƙafar nan, matakalar gidanku ta fi ƙarfina."

Ya ba ni gam ɗin da ke kamawa a cikin ruwa da wasu 'yan duwatsu masu faɗi. A hanya na tuna Baba a shagonsa, in tsaga ta fara gudu a faifan gilashi. Ba ya tsayawa lallashinta. Gabanta yake shiga ya ja layi ya ɓalle, ya tsira da abin da ya rage, ya jefa sauran a kwandon tarkace ko waiwaye babu. Na sha ganin haka ina yarinya, ina jin haushin asarar.

Na tafasa filayar Baba don maiƙon jikinta ya fita. Na jera duwatsun a faranti, na kawo roba da ruwan tanki, na naɗe hannun riga. Sai a lokacin na dubi hannuwana. Da ranar nan safar hannuna ta yage ina tsakiyar yi wa wata rini, kuma don sauri ban tsaya sauyawa ba. Yatsuna baƙi ƙirin har wuyan hannu, ƙarƙashin farce ma haka, suna warin sinadari. Na tsaya a famfo na yi ta dirza da ruwa har fatar ta yi zafi, warin yana nan. Safar da ke jakata duk ta shago ce, ta sha abin da ya fi wannan. Na dawo na tsaya gaban tankin da hannuwa a sama kamar wadda aka kama da sata. Farin ya kai gindin Mai Leƙe. Na ji kuka yana taso mini, na haushi, irin wanda ba ya kawo sauƙi.

"Gaggawa."

Tana tsaye a bakin falo, ta rame, ɗankwalinta a karkace. Rabon da ta tako nan tun ranar. Ba ta dubi tankin ba, ni ta duba. Sannan ta fitar da hannuwanta daga mayafi ta miƙo su, tafin a sama, ta juya bayansu.

Ban taɓa ganin hannun Mama haka ba. Mace ce da ba ta wanke ko cokali ba tare da ta bi da man shafawa ba. Yanzu sun yi furu-furu, fatar ta tattare, gaɓoɓin yatsun sun tsattsage har wani wurin ya yi ja.

"Tun ranar ban taɓa sabulu ba," ta ce. "Ko mai. Ruwa kawai. Na bai wa maƙwabta kwalaben duka." Ta matso kusa. "Na nemi soson ban gan shi ba, na san yana wurinki. Ba famfo ba ne. Ba na ganin murjanin sosai ne, gilashin ya yi duhu, na ce bari in ɗan goge masa. Ina cikin gogewa na ga ya janye gashinsa."

"Mama, ai da na kankare..."

"Bar wannan. Hannuwan nan za su yi?"

Na kama hannuwan na shinshina kamar yadda Baba yake yi mini. Ba ƙamshin komai. Hannun mahaifiyata, ba ƙamshin komai. Na gyaɗa kai.

"Gishirin zai yi miki zafi a tsagar nan," na ce.

"Ya yi."

Ta ɗauraye har gwiwar hannu, ta tsoma. Na ga ta runtse ido da ruwan ya taɓa ta, amma ba ta janye ba. Ta ɗago dutsen da murjanin yake kai ta sa a roba, a hankali kamar mai ɗaukar jariri daga wanka. Na miƙa mata filaya riƙe a cikin tsumma, na nuna mata wurin da baki. Ta kai filayar kan reshen Mai Leƙe.

"Nan?"

"Ƙara sama. Ki bar masa kore kaɗan a baya, kada farin ya bi shi."

Ƙas. Kan Mai Leƙe ya faɗa ƙasan roba. Ta ja numfashi ta riƙe. Na ɗauka za ta ajiye filayar, sai ta ce, "Na gaba." Haka muka bi rassan, ni baki, ita hannu. Inda nake cewa ta yi sauri gam zai bushe, sai ta ce in yi mata shiru, ta san aikinta. Ta ɗiga gam a kan kowane dutse, ta dasa kowane kai a tsaye, ta riƙe har ya kama, ta mayar da su tanki ta jera su a kan yashi, tazararsu daidai kamar kofunanta a kabad. Abin da ya yi shekaru yana girma ya koma 'yan tsinke, kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba. Farin ƙashin da ya rage ta ɗauraye shi da ruwa ta ajiye a bakin taga.

Ba duka suka yi ba. Wasu sun yi fari washegari, na cire su. Ruwan ya ɗauki lokaci kafin ya washe, babban kifin ya koma ciki yana ta zagaye shi kaɗai yana neman ɗan'uwansa. Ni dai ban daina leƙe ba, in fita in dawo in ce na manta makulli. Amma Mama ta koma kujerar. Ba ta shan shayin, riƙe shi kawai take har ya huce, ta ƙura wa 'yan duwatsun ido. Na nuna mata maganaɗisun da ake goge gilashi da shi, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta ce shekara da shekaru mutumin nan yana da wannan bai taɓa nuna mata ba, sai dai doka.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali a tsaye, rabin hankalina a kan tasi, ta ce, "Zo ki gani," a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Kan Mai Leƙe ne. A can ƙarshensa wasu 'yan gashi sun fito, ba su da yawa, suna kaɗawa a ruwa. Na goge jajayen layukan nan da gefen zanena don mu gani da kyau. Na makara a shago ranar, ban kuma damu ba.

Da na dawo da yamma na biya ta kantin magani na sayo man shafawa, mai kauri, irin wanda take so. Na durƙusa gaban kujerar na buɗe, na kamo hannunta na dama. Tsagar gaɓoɓin tana nan, gishiri ya ƙara buɗe ta. Ta dubi man, ta shaƙi ƙamshinsa har ta lumshe ido. Sannan ta zare hannun a hankali ta mayar kan cinyarta.

"Bari tukuna," ta ce, idonta a kan ɗan dutsen. "Bai kafu ba. Kar ya faɗi a rasa mai ɗaga shi."